Ranar da Baba Haɗa Ya Faɗi Magana Daidai

A layin teloli, tsakanin shagon mai guga da na mai sayar da maɓallai, akwai wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya. A nan abokina ya ƙare ƙuruciyarsa da ƙarfinsa yana gyaran keken ɗinki. Sunan da iyayensa suka raɗa masa ya ɓace tun muna samari. Kowa Baba Haɗa yake ce masa, har jikokinsa, kuma bakinsa ne ya jawo masa. Ba ya ɗauko maganar da kowa ke faɗi ya ajiye ta yadda ya same ta. Sai ya cire kan wannan ya ɗora wa waccan, ya bar ka kana juya ta a zuci har ka isa gida.

Wannan hali ya ba layin dariya shekara da shekaru. Shi ne kuma ya rufe wa mutane ido lokacin da ciwo ya shigo masa. Matarsa kaɗai ta gani, ta yi ta neman a kai shi ga likita tun da sauran lokaci, aka yi ta ce mata ai Baba ne. Abin da nake so in rubuta ke nan.

Ni dai Allah ya haɗa shi da aboki mafi wahala ga mai irin bakinsa. A makarantar mishan na yi karatu, zamanin da ake duba farce da wuyan riga kowace safiya kafin a shiga aji. Malamin da ya koya mana rubutu, wani dogo mai tabarau ɗaure da zare, ya ɗauki magana tamkar kwanon da aka aro daga maƙwabta, wanda dole a mayar ba lotsawa. Wanda ya lotsa ta kuwa, rula ce a bayan hannu. Na fita da wannan tarbiyya, na koyar da ita har na yi ritaya, shi ya sa har yau Tica ake kirana.

Ranar da na fara shiga shagonsa, keken marigayiya matata na kai, yana ta tsinka mata zare. Na tsaya a kansa ina bayani da zafi, domin wani ya riga ya taɓa keken ya ƙara lalata shi. Bai ɗago ba. Ya juya ƙafar keken da tafin hannu, ya kara kunnensa, sannan ya ce, "Tica, kada ka tada jijiyar hankalinka. Kafin yamma zai yi ɗinki."

Na ce, "Ko dai tada hankali, ko tada jijiyar wuya. Zaɓi ɗaya."

Ya ce, "To ai kai duka biyun ka tayar. Ga wuyan naka nan ina kallo."

Daga nan muka ƙulla. Ya ajiye mini benci a bakin ƙofa, kuma bencin nan ya ci wanduna da yawa.

Shagon ba ya ɗaukar mutum uku a tsaye. Akwai tebur mai kauri da mai ya jiƙa har ya yi baƙi. A bango ya kafa ƙusoshi, kowace da abin da ke rataye a kanta: bel, filaya, sukundireba manya da ƙanana. Allurai da ƙoshiya mai riƙe zaren ƙasa da ƙananan sukurori suna cikin gwangwanayen madara, an jera su bisa girma. Mutumin da bai taɓa barin magana a mazauninta ba, ko sukuru ɗaya ba ya bari ya kwana a gwangwanin da ba nasa ba. Yana kuma da wata ɗabi'a da teloli suka san shi da ita. In ya gama gyara, sai ya ɗauki ƙyalle fari, ya ja layin ɗinki ɗaya daga wannan baki zuwa wancan, ya miƙa wa mai keke ba tare da ya ce komai ba. Layin nan kamar da rula aka ja shi. Na sha ɗora tawa rular a kai don neman abin faɗa, ban samu ba.

Maraya ne. Wani tsoho mai gyaran keke ya ɗauke shi yana share shago, ya tashi a ƙarƙashin tebur yana jin ƙarar kekuna har ya iya bambanta mai ƙishin mai da mai karyayyen haƙori. Karatunsa bai wuce ya rubuta sunansa ba. Ya auri matar da duk layin ke kira Inna, suka haifi 'ya'ya mata da suka yi aure nesa, da namiji ɗaya mai tuƙa motar haya, wanda ake ce wa Direba.

Maganganunsa kuwa, teloli har haddace su suke yi. In zai saurari ƙarar keke sai ya ce a yi shiru, zai zuba kunne ya kasa ido. In aiki ya taru, sai ya ce aiki ya sha masa wuya, ya kai masa kai. Wani ɗan'uwansa ya taɓa zama da shi a shagon, ya gudu da kan keken mutane. Da aka zo yi masa jaje ya ce, "Na ba shi amana ya shanye."

Na ce, "Ci ake yi, Haɗa. Cin amana."

Ya ce, "Ci ai sai an tauna, Tica. Wannan ko taunawa bai tsaya yi ba."

Babban mai tsokanarsa shi ne Dogo, telan da ke fuskantar shagonsa, mai murya kamar ana buga ganga. Da Haɗa ya saki sabuwa, Dogo zai tsayar da keke ya leƙo ya yi shela, "Jama'a, Injiniya ya sauke sabon kaya! A zo a ɗiba tun da zafi!" Sai ka ji dariya ta bi layin shago bayan shago.

Amma wadda ta fi shahara, a asibiti ya yi ta, ranar da Inna ke naƙudar Direba, abin ya zo da gardama. Ya tare wata ma'aikaciyar jinya a ƙofa ya ce mata, "Baiwar Allah, ki gaya mini gaskiya, gabana ya tashi, hankalina ya faɗi." Matar ta shiga ciki tana dariya, ta maimaita wa Inna, ita ma ta yi dariya cikin ciwo. Daga baya ya yi mata bayani cewa gaban ya tashi ne ya tafi wurinta, hankalin kuma ya faɗi ƙasa ba mai ɗauka. Tun daga ranar, ko akuya ce ta shiga gidan ta ɓarar da ruwa, haka yake faɗa.

Wata safiya, muna tsufa duka, ina ba shukokina ruwa sai ga Inna a ƙofar gidana. Ba ta saba zuwa ita kaɗai ba. Na ce, "A'a, amarya, yau ke ce da kanki? Shigo ki zauna."

Ba ta zauna ba, ba ta kuma rama tsokanar ba. Ta ce, "Tica, abokinka ba shi da lafiya."

"Me ya same shi? Jiya na bar shi yana aiki."

"Ya faɗi magana daidai."

Na ajiye bokitin. Ta ce jikarsu ce ta zame a bakin rijiya, Allah ya tsare ba ta ji ciwo ba. Haɗa yana zaune yana gani. Ya dafe ƙirji ya ce, "Gabana ya faɗi." Ta jira sauran, babu. Da ta kawo masa shayi kuma, ya ce ta miƙo masa allura, alhali cokali yake nufi.

Murmushi ya fara zo mini. Ta ce, "Kai ma?"

Na ce, "Ai kin san halin mutumin naki."

Ta ce, "Don na san shi na zo. Tica, kai kana gyara masa magana ne, ni kallonsa nake yi. Haɗa yana sane yake haɗawa. Duk ranar da ya haɗa, sai ya dube ni ta wutsiyar ido ya ga ko na yi dariya. In ba na nan, kai yake duba, ko Dogo. Jiya bai dube ni ba. Da ya ce allura, shi kansa tsayawa ya yi yana kallon cokalin kamar bai taɓa ganinsa ba. Ka je ka gani. In ka dawo ka ce ƙarya nake yi, na yarda."

Na sa hulata na tafi.

Lokacin komawa makaranta ne ya matso, lokacin da teloli ba sa ɗaga kai saboda ɗinkin kayan 'yan makaranta, kekuna kuma suna ta gazawa saboda wahala. Na tarar an jera kawunan kekuna har bakin ƙofa. Dogo yana tsaye a kansa yana jiran nasa.

Haɗa ya miƙa hannu wajen bango ya ce, "Dogo, ba ni... ba ni takalmin nan."

Dogo ya bi hannun da kallo, ya ga sukundireba. Ya fashe da dariya har da dukan cinya. "Jama'a! Yau da takalmi za a kwance mini keke! Injiniya, na dama ko na hagu?"

Ni fuskar Haɗa nake kallo. Bai dubi Dogo ba, bai dube ni ba. Idonsa na kan bangon, goshinsa ya tsattsafo da gumi, leɓensa yana motsi kamar mai neman abu a aljihu.

Na zauna a bencina na ce, "Haɗa, yaya aikin? Ya kai ina yau?" Na buɗe masa ƙofa ce, irin wadda bai taɓa wucewa bai shiga ba.

Ya ce, "Aiki ya yi yawa."

Shi ke nan. Da ya gama da keken Dogo ya ɗauki farin ƙyalle ya ja layi. Ya fara daidai, a tsakiya ya karkace ya nufi gefe. Ya kalle shi, ya dunƙule a hannun hagu ya tura ƙarƙashin tebur. Dogo bai lura ba, ya riga ya saɓa kekensa a kafaɗa yana ba maƙwabta labarin takalmi.

Na ce, "Abokina, tashi mu je a duba ka."

Ya ce, "Lafiyata ƙalau." Ya jawo keke na gaba.

Da yamma muka zauna da Direba a tsakar gidansu, Haɗa yana ɗaki yana hutawa. Direba yaron kirki ne, yana son ubansa, ban taɓa jin ya ɗaga masa murya ba. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "Inna, don Allah. Baba Tica, kai ma da girmanka. In je in ce wa likita me? Babana ya kira sukundireba takalmi? Mutumin da ya ce wa surukinsa ya zauna ya miƙe bakinsa ya huta?"

Inna ta ce, "Wannan da gangan ya yi."

"To wannan ma da gangan ne. Ya ga tsofaffin sun daina ba mutane dariya, ya sake salo."

"Ya faɗi magana daidai, na ce maka."

Direba ya yi dariya. "Shekara nawa Baba Tica yana fama a kan haka? Yau an samu, kuma sai mu kai shi asibiti? Gajiya ce, Inna. A bari wannan rububin ya wuce, ni da kaina zan rufe shagon ya huta."

Na ba shi labarin ƙyallen. Ya ce ido ne, tsufa ne, zai sai masa tabarau.

Washegari da Direba ya fito zai tafi aiki, ya tarar da Inna zaune a kujerar gaba ta motarsa, ta yafa mayafi, jakarta a cinya. Ya ce ta fito. Ta ce ba inda za ta. Ya ce fasinjoji na jiransa. Ta ce to ya ɗauke su, ita ma fasinja ce, kuma ba za ta sauka ba sai a ƙofar asibiti da ubansa a baya. Maƙwabta suka fara leƙowa. Direba ya shiga ya lallaso uban, aka aiko a kira ni.

Abin takaici, a wannan safiyar bakin Haɗa ya ɗan sake. A hanya ya gaishe ni sosai, ya tambayi shukokina, har ya ce wa Direba ya rage gudu. Direba ya dubi uwarsa ta madubi.

Asibitin cike yake. Dogon benci, bango mai launin kore, warin magani, yara na kuka. Muka jira har rana ta take. Da aka kira shi, mai tsaron ƙofa ya ce mutum ɗaya ne zai raka mara lafiya. Inna ta miƙe, Direba ya ce, "Zauna, Inna, ƙafarki. Ni zan riƙe shi." Kafin ta gama tattara mayafinta an rufe ƙofa. Muka zauna ni da ita muna kallon ƙofar.

Ba su daɗe ba suka fito. Direba fuskarsa a sake. Ya ce likitar mace ce, mai hankali, ta auna shi ta ce jininsa ya hau sosai, ta rubuta magani, ta ce ya huta, a dawo da shi mako mai zuwa. In kuma an ga bakinsa ya karkace ko hannu ya mutu, a kawo shi nan take.

Inna ta ce, "Maganar fa? Ba ta ji maganarsa ba?"

"Ta ji. Ya kira agogonta kwano. Sai ta juyo ta tambaye ni ko ya saba rikita magana haka, ko kuwa sabon abu ne."

"Ka ce me?"

"Na gaya mata gaskiya. Na ce tun kafin a haife ni haka yake, sunansa ma ke nan a gari. Har ta yi dariya."

Inna ta riƙe hannun bencin. "Ka gaya mata bai dube ni ba?"

"Haba Inna. Yaya zan gaya wa likita wannan?"

Ta nufi ƙofar. Mai tsaro ya tare ta, ya ce an riga an shigar da wani, ta dubi layin mutanen da ke jira tun safe. Na je na sa baki, na ce minti ɗaya kawai muke roƙo. Ya ce kowa a nan minti ɗaya yake roƙo. Wata mata mai goyo ta ce mana mu ji tsoron Allah, an gan mu mun gama. Haɗa kuma ya jingina da bango, ya gaji, ya ce, "Mu je gida." Inna ta dube shi, ta dubi ƙofar, sannan ta kama hannunsa. A mota ta ce ba za ta jira mako ba, jibi ranar da likitar ke zama ita za ta kawo shi, kuma ita za ta shiga.

Ban ga laifin likitar ba har yau. Ta yi tambayar da ta kamata, aka ba ta amsar da ba ƙarya a ciki.

Jibin bai zo ba. Washegari Inna ta fita karɓo ɗaya daga cikin magungunan da ba a samu a kusa ba, ta bar shi kwance, ta ja masa kunne. Sai ga Dogo har gida da kan keke a kafaɗa, wanda aka gyara masa ya sake tsayawa, ga kayan makaranta jibge an yanka ba a ɗinka ba. Ya ce ba ya son ya tashe shi, Haɗa ya duba kawai ya faɗa masa abin da zai taɓa. Haɗa ya duba, ya ce sai da kayan aiki. Ya sa takalmi ya bi shi. Mutum ne da bai taɓa yarda a ce gyaransa ya dawo ba.

Abin da ya faru a shagon, daga bakin Dogo na ji, kuma sau ɗaya ya faɗa bai ƙara ba. Ya ce Haɗa ya zauna ya buɗe keken, ya ɗauki sukundireba ta faɗi. Ya sake ɗauka ta sake faɗuwa. Sai ya ɗago ya fara magana, kalmomi suna fitowa ba kai ba gindi, ruwa, ƙofa, zare, Inna, zare. Dogo ya juya bakin ƙofa yana kiran mai guga, "Zo ka ji, yau Injiniya buhu guda ya kwance!" Mai guga ya zo yana dariya tun daga nesa. Shi ne ya fara ganin fuskar, ya daina. Da Dogo ya waiwayo, kan Haɗa na kan keken, bakinsa ya koma gefe ɗaya.

Dogo ne ya goya shi a baya har bakin titi, yana gudu yana kuka, ƙaton mutum kamar wannan.

Bai mutu ba. Ya yi makonni a kwance, aka sallamo shi da hannun dama da ba ya ɗagawa da ƙafa da yake ja. Inna ta sami likitar a ɗakin marasa lafiya, ta ba ta labari tun daga bakin rijiya. Likitar ta saurara har ƙarshe. Inna ta tambaye ta, da an gane tun ranar, da an tare? Ta ce wataƙila, akwai abin da za a iya gwadawa, amma ba za ta rantse ba. Inna ta ce da likitar ta ce mata a'a, da ta fi samun barci.

Direba ya rufe shagon da kansa. Ya kwashe gwangwanayen madarar nan ya jera su a ɗakin uban bisa girma, yadda suke. Kullum kafin ya fita aiki shi yake yi masa wanka, ya sa masa riga. Tsakaninsa da uwarsa ba faɗa, ba ta taɓa ce masa ga abin da ka yi ba. Amma na lura in tana magana yanzu ba ya katse ta, ko da a kan gishiri ne. Dogo yana zuwa ranar hutu ya zauna a bakin ƙofa, hula a hannu. Layin teloli sun koma kai kekunansu wani wuri mai nisa, suna dawowa suna ƙorafi.

Magana ta dawo wa Haɗa, amma ba tasa ba. Gaisuwa tana fita sumul. In ka ce ina kwana, zai ce lafiya lau. In ka ce yaya jiki, zai ce da sauƙi. Duk maganar da bakin mutane ya riga ya goge ta, tana nan a wurinsa cikakkiya, ba lotsawa ba tsaga, irin wadda malaminmu mai tabarau zai ba maki cikakke. Abin da ya wuce wannan, sai ya yi ta nema, ya gaji, ya rufe ido.

Kullum da hantsi nake zuwa. Direba ya kawo bencina daga shago ya ajiye a barandar gidan, kusa da kujerar Haɗa. Mukan zauna muna kallon kaji. Wani lokaci nakan gwada shi, in ce, "Haɗa, gabana ya...?"

Sai ya ce, "Faɗi."

"Hankalina ya...?"

"Tashi."

In ya faɗa sai ya dube ni kamar ɗalibin da ke jiran a ce ya yi daidai. Nakan ce masa ya yi daidai, domin ba ni da wani abin cewa. Inna kuwa in ta ji mun fara, sai ta shige ɗakin girki ta yi ta motsa kwanuka.

Rannan na zo a makare, a gajiye, na hau 'yar matakalar barandar da ƙyar. Inna tana bakin ƙofa tana tsince wake a faranti. Na zauna na sauke numfashi, na ce da ƙarfi, yadda zai ji, "Kai, Haɗa, yau tafiyar nan ta sha mini wuya, ta kai mini kai."

Ban taɓa faɗin irin wannan ba tun da aka haife ni, har na ji bayan hannuna yana tuna rula.

Ya juyo a hankali. Ya haɗe gira. Leɓensa ya yi ta motsi, muka jira shi. Can ya ce, "Ba... haka... ba ne, Tica."

Na ce, "To yaya ne?"

Ya mayar da kansa wajen kaji.

Sai na ji farantin ya taɓa ƙasa. Inna ta taso ta tsaya a gabansa, tana duba fuskarsa kamar mai neman allura a tabarma. Ta ce, "Ya dube ni."

Na ce, "Yaushe?"

"Yanzu. Da ya ce maka ba haka ba ne. Ta wutsiyar ido. Tica, tsokanarka yake yi."

Ni ina gefensa na dama, wajen da fuskar ta mutu, ban ga komai ba. Haɗa yana kallon kaji, yawu ya ɗan zubo masa, ta sa bakin mayafinta ta goge. Direba ya shigo cin abincin rana a daidai lokacin, ta gaya masa. Ya dubi ubansa, ya dube ni. Na ga tambayar a idonsa.

Ya ce, "To, Inna. Gobe sai mu gaya wa likita. Ke za ki shiga."

Ta koma ta durƙusa tana tattara waken da ya zube, ɗaya bayan ɗaya.